Ranar da Sodangi Ya Rusuna wa Surukinsa

In ana maganar cika baki a Unguwar Rogo, to a sallami kowa a bar Sodangi shi kaɗai a fili. Bai taɓa jin an ambaci wani abu a duniya ya ce bai san shi ba. Ka ce jirgin sama, zai ce saura ƙiris ya tuƙa shi. Ka ce ciwon haƙori, zai ba ka magani, ya ƙara maka da na basir kyauta. Sana'arsa awon gero ce a bakin kasuwa, ita ma rabin yini, don sauran rabin na zaman teburin Mu'az mai shayi ne, inda yake gyara wa duniya kurakuranta. Abin kirki ɗaya tak Allah ya ba shi, wato matarsa Hajjo, 'yar Malam Abdulshakur na Ƙofar Marke, kuma kaf unguwar an yarda ba wayonsa ne ya samo masa ita ba.

Wata Laraba ya fita a kan babur ɗinsa, ya dawo a ƙafa da wani abu a hammata. Ashe musanya ya yi da Gazali mai kayan gwanjo. Abin kamar guntun benci yake, taya ɗaya a dama ɗaya a hagu, ba kujera, ba abin riƙewa, ba birki. Caji ake yi masa irin na waya, mutum ya hau ya tsaya ƙiƙam, shi kuma ya tafi da shi. Gazali ya yi ƙoƙarin gaya masa yadda ake sarrafa shi, amma bai kai ƙarshen jimla ba Sodangi ya tare shi da cewa ya san irinsa tun kafin a ƙera shi.

Ya dire shi a gaban teburin shayi, ya ja da baya, ya harɗe hannu.

Mu'az ya leƙa ya ce, "Sodangi, ina babur?"

"Na wuce nan. Babur na 'yan kabu-kabu na. Wanga da kaka gani, Turawa ka ce mai sikuta, ni ko na raɗa mai Shaho."

"To ina aka riƙewa?"

"Ba a riƙewa. Da ilimi aka tuƙa shi."

Mu'az ya ci gaba da fifita wutarsa ya ce, "Ashe ko ba shi kai ka ko'ina."

Washegari da hantsi Sodangi ya zuba babbar riga, ya dafa bangon gidansa, ya hau. Ƙafafunsa suka yi ta kaɗawa, amma da yake lungun nasu sabon daɓe ne, sai abin ya fara tafiya a hankali yana wani ƙugi. Mata suka leƙo ta kan katanga. Sodangi ya ji duniya ta dawo tafin hannunsa. Yana cikin haka sai ga Liman ya ɓullo daga kwana da carbinsa. Sodangi, duk shirmensa, ɗan garin nan ne, tun yana yaye aka koya masa in ya ga babba ya rusuna. Ya sunkuyar da kai, ya ranƙwafa, ya buɗe baki zai ce barka da hantsi.

Abin da Gazali ya so ya gaya masa ke nan. Wannan abu da karkatar jiki yake aiki: ka ranƙwafa gaba ya ƙara wuta, ka banƙare baya ya tsaya. Shaho ya ji maigidansa ya ranƙwafa, ya ɗauka umarni ne. Liman dai iska kawai ya ji ta wuce shi da rabin gaisuwa. Sauran rabin a tukunyar ƙullun Kulu mai masa aka ƙarasa shi, can bakin lungu.

Kulu ta miƙe da cokalin juya masa a hannu, ta dubi ƙullunta yana malala a ƙasa, ta dubi Sodangi zaune a cikinsa fari fat tun daga hula har gwiwa.

Ta ce, "Sodangi, yunwa tat turo ka ko aljanu?"

"Gwajin birki nika yi."

"Ga ƙulluna? Ƙullun da nit tashi tun assalatu ina haɗi?"

"Ke matsalakku ba ku san ci gaba ba. Hanya ta, ba wurin tuya ba."

"Shekara ashirin ina tuya nan, jaki ma kewaye ni shika yi. Jaki, Sodangi."

Wani mai hankali da daga nan ya mayar wa Gazali kayansa ya karɓo babur. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Sodangi ya gane sirrin abin sarai, ya gane ba zai taɓa iya gaida babba a kansa ba, kuma maimakon ya faɗi gaskiya sai ya nemo kwalin taliya da alli, ya kwashe yini yana rubutu. Da la'asar ya rataye kwalin a jikin rumfar Mu'az. A sama an rubuta: Dokokin Hawan Shaho a Titunan Birni da Kewaye.

Doka ta ɗaya ta ce jaki da keke da amalanke da ɗan kabu-kabu su kauce in sun hango mahayi. Ta biyu ta hana yi wa mahayi sallama daga baya. Ta uku ta umarci masu awaki da kaji su ɗaure abinsu daga hantsi zuwa azahar, masu tuya kuma su ja baya taku biyar. Ta huɗu, wadda dominta aka rubuta sauran, ta ce an ɗauke wa mahayi rusunawa ga kowa, ɗaga hannu ya wadatar.

Mu'az ya karanta har ƙasa ya ce, "Wace hukuma tas sa hannu?"

"Ni na hukumar, tunda ni kaɗai ad da shi garin ga."

"To akuya wa za ya karanta mata?"

"Mai ita."

Da labari ya kai cikin gida, Hajjo ta ajiye masa tuwo, ta zauna gefe. Mace ce mai sanyin magana, amma ba ta maimaitawa. Ta ce, "Malam, ta huɗun ga ka goge ta. Nan Sakkwato na. Ba a yi ma manya gaisuwas soja." Sodangi ya ce mata harkar sufuri ba ta mata ba ce, ya ja kwanonsa.

Kwana uku yana sintiri a lungu, ya take wutsiyar kare, ya yaga zanin da aka shanya, sannan ya ga ya isa ya hau babban titi. Ya shiga tsakiyar motoci ƙirji a banƙare, rigarsa na kaɗawa, masu Napep na danna masa oda, shi kuwa yana ɗaga musu hannu don a zatonsa gaisuwa ce. Bai yi nisa ba wani jami'in kula da hanya ya tsayar da shi. Da yake har lokacin bai iya sauka ba sai da abin dafawa, sai ya rungume fal ɗin fitila.

Jami'in ya zagaya abin sau biyu ya ce, "Malam, ina lamba? Ina hular kwano? Ina fitilar ba da hannu?"

Sodangi ya yi murmushin wanda ya riga kowa tunani. "Ranka shi daɗe, waɗanga duk na abin hawa na. Ka ga kujera? Ka ga sitiyari? Tsaye nike bisa ƙahwahuna. Wanga takalmi na."

"Takalmi?"

"Na zamani."

"Madalla. To mai takalmi gefen hanya yake bi. Sauka mini daga kwalta."

Ya koma gefe, inda masu lemo da masu yalo suka baza kaya. Nan ma ba a bar shi ya sha iska ba. Wani mai kankana ya tare shi ya ce duk abin da ke da taya kwalta ce wurinsa. Ya koma kwalta, jami'i ya busa usur. Ya dawo gefe, mai kankana ya ɗaga wuƙa. Ƙarshenta a kan gaɓar kwata ya ƙarasa tafiyar, ba shi a titi ba shi a gefe. Da ya dawo teburin shayi kuwa, labarin da ya bayar shi ne ya ɗaure jami'i da hujja har ya rasa ta cewa. Kafin magariba maganar takalmin Sodangi ta zaga rabin gari.

Ranar Juma'a aka yi mai gaba ɗaya. An sauko daga masallaci, Malam Abdulshakur na tsaye a bakin hanya da abokansa uku, dattawa masu furfura, suna sallama da juna. Sai ga Sodangi ya sawo kai. Ya hango surukinsa. Ya duba dama ba bango, ya duba hagu ba fal. In ya rusuna zai kwashe tsofaffi huɗu a lokaci ɗaya, in ya ce zai sauka zai baje a gabansu. Sai ya tuna ai akwai doka. Ya banƙare, ya ɗaga haɓa, ya ɗaga hannu ɗaya sama ya ce, "Baba, sannunku dai," ya wuce su a tsaye, yana kallon tsakiyar rawaninsu daga sama.

Can ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Malam, wancan ba mijin ɗiyarka na ba?"

Malam Abdulshakur ya gyara zaman rawaninsa ya ce, "Dauri ina da suruki mai kama da shi."

Kafin la'asar ta yi sanyi mai Napep ya tsaya a ƙofar gidan Sodangi da saƙo: Malam ya ce 'yarsa ta zo gida. Hajjo ba ta yi gardama ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta ɗaure kayanta a zani, ta sa hijabi. Sodangi na biye da ita yana bayanin doka ta huɗu.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ubana, gaban abokanai, kad ɗaga mai hannu kamar mai tsai da mota."

"Ba ki gane ba, injin na ba shi son..."

"To zauna da injin."

A teburin Mu'az ya ce kwana biyu ya ba ta, da ƙafarta za ta dawo. Kwana biyu suka wuce, suka zama takwas. Ya ƙona tukunya, ya sha garin kwaki har ya fara jin tsaminsa a mafarki. Amma ba yunwar ce ta fi cinsa ba. Gidan ne ya yi masa faɗi. Shekara goma sha ɗaya Hajjo ce kaɗai ke sauraron shirmensa har ƙarshe ba ta yi masa dariya ba, kuma duk cika bakinsa ya san in ta tafi ba zai sami kamarta ba. Tsoro ya kama shi na gaske. Ya lallaɓa wurin Liman, a ƙafa, ya roƙe shi ya je masa biko.

Liman ya dawo da amsa gajeriya. Malam ya ce ba ya son ɗan aike. Sodangi ya zo da kansa ranar Alhamis bayan la'asar, a ƙofar gida, a gaban mutanen nan uku da aka yi abin a idonsu. Kuma tunda an ji ya ce abin takalmi ne, to ya tuɓe shi ya durƙusa kamar ɗan mutane. In ya yi haka ya tafi da matarsa. In bai yi ba, kowa ya kama gabansa.

Mu'az ya ce, "Ka ji sauƙi. Aje shi gida, ka tahi da ƙahwa, ka duƙa, ka ɗauko matarka."

"In tahi ƙasa? Su ce Shaho ya kasa?"

"Su ce mana. Shaho ka yi maka tuwo?"

"Kai ba ka san siyasa ba. Bisa nai za ni, har bakin tabarma. In tsaya cak, in sauka da baya, in tuɓe shi gabansu, in durƙusa. Sun ga ladabi, sun ga ci gaba. Tsohon da kainai za ya ce in ɗana shi."

Kwana uku yana atisaye. Ya jingina buhun gero da bango a matsayin suruki, ya taho, ya banƙare, ya tsaya, ya sauka da baya. Ya faɗi sau tara, a na goma ya iya. Daga nan bai ƙara kuskurewa ba, har Mu'az ya fara tunanin ko wannan karon za a dace. Abin da Sodangi bai lissafa ba shi ne buhun gero ba ya ɗago ido ya dube ka.

Ranar Alhamis ya sha shadda mai sitaci, ya ɗauki ƙwarya cike da goro fari da ja, ya riƙe da hannu biyu a gabansa. Ya bi gaɓar kwata har Ƙofar Marke. Mutanen Unguwar Rogo kuwa ba wanda ya gayyace su, amma Mu'az ya rufe tebur, Kulu ta sauke tanda, wasu a kabu-kabu wasu a ƙafa, suka bi shi a baya don kada a ba su labari.

An shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam. Dattawa huɗu na zaune, ga kwanon fura da ludayi a tsakiya, ga butoci a gefe. Bayansu ƙofar zaure ce a buɗe, an yi mata gangaren siminti don shigar da babur. Sodangi ya taho a hankali, ƙugin Shaho kaɗai ake ji. Taku goma, taku biyar, taku uku. Ya banƙare, ya tsaya cak a bakin tabarma, daidai yadda ya tsara. Har wani a cikin 'yan kallo ya ce ashe dai ya iya. Saura ya ɗaga ƙafa ya sauka.

Sai Malam Abdulshakur ya ɗago kai, ya dube shi ido cikin ido, ya ce, "Sannu da zuwa."

Tarbiyyar shekara arba'in ba ta san da doka ta huɗu ba. Kafin kan Sodangi ya yi shawara, bayansa ya riga ya yanke hukunci. Ya rusuna, rusunawa ta sosai irin wadda ake yi wa suruki, ga nauyin goro na jan shi gaba, ya ce, "Baba, ina wu..."

Shaho bai taɓa samun umarni mai ƙarfin wannan ba. Dattawa suka watse, wanda ya shekara yana kukan gwiwa ya yi tsallen da ya ba jikokinsa mamaki. Kwanon fura ya tashi sama. Tabarma ta naɗe. Sodangi ya ga zaure na nufo shi, tsoro ya sa ya ƙara dunƙulewa, abin ya ƙara wuta. Ya haye gangaren siminti, ya shige zaure, kafaɗarsa ta daki bango ta juya shi, ya yi gaba da labulen ƙofar ciki a kansa, ya faɗa tsakar gidan surukinsa, inda ko a ranar ɗaurin aurensa bai taɓa sa ƙafa ba. Mata na daka a lokacin. Suka yar da taɓare suka yi ɗaki suna salati. Turmi dai bai san gudu ba, shi ya tsaya ya karɓi baƙo.

Aka ji ƙum, sannan aka ji goro na zuba ɗaya bayan ɗaya.

Da maza suka nemi izini suka shigo, sun tarar da Sodangi a ƙudundune a gindin turmi, labule a wuya, tsaki a gemu. Shaho ya rabe biyu, taya ɗaya na can tana juyawa a bakin rijiya. Aka kama shi za a tayar, ya ƙwala ƙara. Ya miƙe dai, amma rabi. Daga ƙugu zuwa sama ya ƙi tashi, ya tsaya a ranƙwafe yana kallon yatsun ƙafarsa.

Malam Abdulshakur ya shigo yana share fura daga rawani. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya ga abokansa ya ce, "To, jama'a, ku na shaidu. Ya tuɓe?"

Suka dubi tayar da ke bakin rijiya suka ce, "Ya tuɓe."

"Ya duƙa?"

"Har yanzu duƙe shike."

"To ni ban da sauran magana."

Kulu ta leƙo daga zaure ta ce, "Sodangi, yau ma gwajin birki na?" Wannan ce rana ta farko da aka yi masa tambaya a Sakkwato ya rasa amsa.

A Napep aka mayar da shi Unguwar Rogo, a duƙe, Hajjo na gefensa da ƙullin kayanta a cinya. Da aka sauke shi a bakin lungu sai da ya taka har gida a haka. Ya wuce Liman a rusune. Ya wuce teburin Mu'az a rusune, daidai ƙarƙashin kwalin dokokinsa. Wata akuya da ba a ɗaure ba ta tsaya a tsakiyar hanya tana tuƙa, ita ma ya kewaye ta a rusune.

Da safe aka kira maɗori. Tsoho ya lalube bayan, ya danna nan ya danna can, Sodangi na nishi. Ya ce ba karaya, jijiya ce ta hau kan jijiya. Hajjo na tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwan zafi. Maɗori ya ce mata, "Kwantar da hankalinki, uwar gida. In ina matsa mai ina ja safe da marece, kwana bakwai na miƙe shi sak kamar da."

Hajjo ta dubi mijinta, kansa a ƙasa, bakinsa a rufe. Ta ajiye kwanon a hankali.

Ta ce, "Kamar da? A'a, Malam, ba mu gaggawa. Bi shi sannu-sannu."